Isnadin Magani: Ciwon Sukari da Itatuwan Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe, ta shiga Gusau, sa'an nan ta fita ta Bungudu ta miƙa Sakkwato, ya san cewa a 'yan shekarun nan da wuya a sami tashar mota ko bakin kasuwa inda ba za a ji lasifika tana shelar maganin ciwon sukari ba. Wani ya shimfiɗa tabarma ya jera saiwoyi da sassaƙe-sassaƙe da ƙullin gari a leda, wani ya buɗe bayan mota ya tara robobi cike da tsimi baƙi ƙirin, wani kuwa ya sayi fili a gidan rediyo yana nanata lambar wayarsa. Amma ko da yake hajarsu ta sha bamban, alkawarinsu ɗaya ne, watau wanda ya sha na mako kaza zai rabu da cutar har abada, ya watsar da ƙwayoyin asibiti, ya koma ga tuwon shinkafarsa da rakensa da shayinsa mai kauri kamar babu abin da ya taɓa samunsa. Wannan alkawari shi ne abin da ya dame ni. Su itatuwan ba ni da faɗa da su, hasali ma ina cikin masu ganin cewa a dazuzzukanmu akwai alheri mai yawa wanda har yanzu ba mu san ƙimarsa ba.

Kafin a zargi kowa, wajibi ne a yi wa masu saye adalci. Mutumin da ya fito daga wani ƙauye na bayan Kwatarkwashi ko na kudancin Tsafe, wanda fitowarsa zuwa Gusau kanta sai da addu'a saboda halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyi, in ya iso asibiti ya yanki kati, ya bi layi, ya biya kuɗin awon jini, kana likita ya shaida masa cewa wannan larura ba ta warkewa sai dai a yi ta lallaɓa ta da magani muddin rai, to, abin da zai kai shi gaban mai lasifika gajiya ce da rashin abin hannu da kuma fata irin ta ɗan Adam, kuma zalunci ne a kira wannan jahilci. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, manyan kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi suka janye daga gudanar da harkarsu kai tsaye a Nijeriya, kuɗin ƙwayoyi da na allura ya yi tashin gwauron zabo. Ita allurar kuma sanyi take so, alhali kowa ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu. Masu ciwon ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, miliyan 24 daga ciki a Afirka, kimanin miliyan 3.6 a Nijeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Ita cutar ga yadda take a taƙaice. Abin da muka ci na dawa da gero da shinkafa da rogo, ciki yakan narkar da shi ya zama sukari ya shiga jini, sa'an nan wata 'yar tsoka da ke kwance a bayan tumbi ta fitar da sinadarin insulin, wanda shi ke shigar da sukarin cikin naman jiki domin ya zama ƙarfi. In sinadarin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina amsa masa, sai sukarin ya taru a jini ya riƙa cin jijiyoyi sannu a hankali, na ido da na ƙoda da na zuciya da na ƙafa, shekara da shekaru, sau da yawa ba tare da mai shi ya ji ciwon komai ba. Manyan nau'o'insa biyu ne. Akwai wanda ya fi kama yara da samari, inda tsokar nan take daina aikinta ɗungum. Wannan babu ganye ko saiwa ko ƙwaya a duk faɗin duniya da za ta tsaya a madadin allura, kuma kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, a fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson a Janairun 1922, yaron da ya kamu da shi ba ya daɗewa a duniya. Duk wanda ya ce wa uwa ta daina yi wa irin wannan yaro allura ta koma ba shi tsimi, hanyar kabari ya nuna mata, ko ya sani ko bai sani ba. Na biyun, wanda shi ne na galibin manyanmu, a kansa ne kaɗai maganar tsirrai take da wurin zama.

Abin da da yawa cikin masu musu tsakanin na gargajiya da na Bature ba su sani ba shi ne, farar ƙwayar nan metformin, wadda ita ce farkon abin da likita kan rubuta wa mai nau'i na biyu, a Gusau ne ko a London, tushenta tsiro ne. Akwai wata ciyawa a Turai mai suna galega, wadda masu maganin gargajiyarsu suka daɗe suna ba masu yawan fitsari da ƙishirwa. Da masana suka tone ta, sai suka tarar lalle tana ƙunshe da sinadari mai saukar da sukari, amma kuma akwai guba tare da shi, har tumakin da suka yi kiwo a cikinta sukan mutu. Aka yi ta juya ƙirar sinadarin a ɗakin bincike. A 1922 wasu masana biyu a Dublin suka haɗa metformin, aka ajiye shi kamar an manta. Sai a 1957 wani likita Bafaranshe, Jean Sterne, ya gwada shi a kan marasa lafiya ya wallafa abin da ya gani. Ɗan'uwansa phenformin, wanda ya fi shi ƙarfi kuma aka fi yayinsa da fari, sai da ya halaka mutane kafin a janye shi daga kasuwa a ƙarshen shekarun 1970. Amurka ba a fara sayar da metformin a cikinta ba sai 1995, kuma zukatan likitoci ba su gama natsuwa da shi ba sai 1998, sa'ad da aka bayyana sakamakon wani bincike da aka shafe shekara 20 ana yi a Birtaniya a kan mutum sama da 5,000. Haka nan sababbin ƙwayoyin nan masu fitar da sukari ta fitsari, asalinsu wani sinadari ne da aka ciro daga ɓawon itacen tuffa tun 1835, amma na farkonsu bai sami izini a Turai ba sai 2012.

Saboda haka wanda ya ce a cikin ganye akwai maganin sukari bai yi ƙarya ba. Sai dai tsakanin ciyawar da ke kashe tumaki da ƙwayar da miliyoyin mutane ke sha lafiya lau akwai doguwar tafiya, wadda a cikinta aka raba mai amfani da mai cutarwa, aka tsayar da miƙdarin da za a sha, aka kuma yi tajriba a kan mutane masu yawa ana rubuta wanda ya amfana da wanda ya cutu. Wannan tafiya ita ce tsirranmu ba su yi ba tukuna, kuma ita ce mai lasifika yake so mu tsallake.

Kada kuma wani ya zaci wannan bin diddigi bidi'ar Turawa ce. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta wannan cuta a littafinsa Alƙanun, ya ambaci zaƙin da ke saura in fitsarin mai ita ya bushe, ya ambaci ruɓewar gaɓɓai, har ya sa hulba cikin abin da ake ba mai ita. Amma shi ɗin dai, a juzu'i na biyu na littafin, ya gindaya sharuɗɗa kafin a yarda da kowane magani: ya zama tsantsarsa ne ba a gauraya shi da wani abu ba, a gwada shi a kan cuta guda wadda ba ta cuɗe da wata ba, a fara da kaɗan, a lura da lokacin da tasirinsa ya bayyana, tasirin ya riƙa maimaituwa a kullum ko a mafi yawan lokuta domin kada ya zama dace ne kawai, sa'an nan a gwada shi a jikin mutum, gama abin da ya yi aiki a jikin zaki ko doki ba hujja ba ne a kan ɗan Adam. A ƙasarmu ma ɗibbu fanni ne na malamai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa risaloli a kansa, har da wadda ya keɓe ga basir da wadda ya keɓe ga ciwon ido. Mu fa al'umma ce wadda ba ta karɓar hadisi sai ta tambayi isnadinsa, wa ya ji daga wa, shin mai riwayar adali ne, shin haddarsa mai ƙarfi ce, shin wani ya riwaito kamarsa. Kuma almajirin da ya zauna a zauren malami a Gusau, ko a ƙasar Tsafe inda tsohuwar 'Yandoto ta yi suna da ilmi tun kafin jihadi, ya san bambancin ingantacce da mai rauni da na ƙage. Yaya za a yi wanda yake wannan taka-tsantsan a kan abin da zai shiga kunnensa ya karɓi abin da zai shiga jininsa da isnadin “wani ya sha ya warke”, alhali wanin nan majhuli ne, ba a auna shi kafin ya sha ba, ba a auna shi bayan ya sha ba, mai riwayar kuwa shi ne mai sayarwa?

Sunayen tsirran ba ɓoyayyu ba ne. Tun 1916 wani likita mai suna Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma malaman jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano sun sha zama da masu magani suna rubuta abin da suke ba mai sukari: zogale, shuwaka, garahuni, dogon yaro, sassaƙen maɗaci, ganyen mangwaro da na gwaba, aduwa, hulba, tafarnuwa da sauransu. An gwada da yawa daga cikinsu, sai dai galibi a jikin ɓeraye, watau a lalata musu tsokar insulin da sinadari, a ɗura musu ruwan ganyen, a auna jininsu, sau da yawa kuma a ga sukarin ya sauka. Wannan aiki ne mai daraja kuma bushara ce, amma matakin farko ne, shi ne dai wanda Ibn Sina ya ce bai isa hujja ba. Inda aka gwada a kan mutane kuwa labarin yakan yi sanyi. Hulba ta nuna ɗan tasiri a wasu ƙananan gwaje-gwaje. Kirfa, wadda ake ta kuranta ta, masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaji 10 da aka yi a kanta suka ce a 2012 babu isasshen dalilin da zai sa a ba da ita a matsayin magani, kuma hukuncin da suka yanke ke nan a wannan shekara a kan ɗan'uwan garahuni na ƙasashen Asiya.

Ko da an ƙaddara wani ganye yana aiki, tukunyar da ake dafa shi ba ta da mizani. Ganyen damina dabam yake da na rani, sassaƙen tsohuwar bishiya dabam yake da na ƙarama, abin da ya tafasa sau ɗaya dabam yake da wanda ya wuni a kan wuta, umurnin “kofi ɗaya safe da yamma” kuwa bai faɗi komai ba, tun da kofin wani gida ya yi biyun na wani. Akwai kuma wani ƙiyasi da ya zauna daram a zukatan jama'a, wai tun da cutar ta zaƙi ce, duk abu mai ɗaci maganinta ne. Ƙiyasi ne ɓatacce, domin ɗacin yana tsayawa a harshe, abin da ya wuce maƙogwaro kuwa hanta da ƙoda ne za su yi fama da shi, ƙodar mai sukari kuma dama a galabaice take. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, mata sama da 100 suka sami lalacewar ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba wanda aka sa wa wani tsiro na ƙasar Sin bisa kuskure, da yawansu suka koma ga wankin ƙoda ko dashe. Wannan tsiro kuwa dangi ɗaya suke da duman dutsen da ake sayarwa a kasuwanninmu.

Na ga inda irin wannan lamari yake kaiwa a ƙafar wani dattijo manomi daga yankin Bungudu, mutum mai hankali da riƙon addini, wanda ya bar ƙwayoyinsa 'yan watanni ya koma ga wani jiƙo da aka ba shi tabbaci a kansa. Ƙaya ta soke shi a gona bai ji ba, domin jijiyoyin tafin ƙafar sun riga sun mutu; da wurin ya kumbura sai aka barbaɗa garin bagaruwa aka ɗaure da tsumma, ya ci gaba da zuwa masallaci yana ɗingishi. Ranar da aka kwance tsumman, babban yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, fatar gefensa ta saɓule, ɗakin kuma ya cika da wari. Na ce masa, “Baba, tun da aka fara jiƙon nan an auna sukarin kuwa?” Ya ce, “Ɗan nan, ai na ji sauƙi a jikina, shi ya sa ban koma ba.” Da aka ɗiga jininsa a kan 'yar na'urar awo sai ta nuna sama da 400, alhali mai lafiya in ya tashi da safe bai ci komai ba ba ya kai 126, wanda shi ne haddin da ake cewa mutum ya kamu. Ƙafar ba ta tsira ba, an yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ban ɗauka wanda ya ba shi jiƙon mugu ne ba. Mai yiwuwa shi ma ya gaskata abin da yake faɗa. Abin da ya ci su duka biyun shi ne sun ɗauki jin sauƙi a matsayin shaida, a cutar da ta shahara da yin ɓarna a ɓoye. Mu Zamfarawa bai kamata mu bukaci a tuna mana wannan ba, domin a 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ido bai ga gubar ba, awon jini ne ya fallasa ta.

Akwai kuma waɗanda ba su da uzurin kyakkyawar niyya. An sha kama haɗe-haɗen da ake kira na ganye zalla a ƙasashe dabam-dabam an tarar an niƙa ƙwayar asibiti an zuba a ciki ba da awo ba. A Singafo, a 2008, mutum 150 aka kwantar sukarinsu ya faɗi warwas bayan sun sha magungunan ƙarfin maza da aka cakuɗa da ƙwayar saukar da sukari mai suna glibenclamide, huɗu daga ciki suka mutu. Wanda yake shan ƙwayarsa ya kuma ƙara da irin wannan, sukarinsa yana iya sauka ƙasa da 70, ya kama rawar jiki da zufa, ya suma, 'yan'uwa su zaci iska ce. Lambar NAFDAC da ake nunawa a jikin kwalba ma a fahimce ta: ga galibin magungunan gargajiya, shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba ta nan take ba, kuma hukumar da kanta takan sa a rubuta cewa ba ta tantance da'awar warkarwar ba. Shari'a ba ta yi shiru a nan ba, gama hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka riwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin ɗibbu ba. Ina roƙon limamanmu su riƙa karanta wa jama'a wannan tare da hadisan falalar neman magani, domin ɗaya ba ya cika sai da ɗaya.

Likitoci ma suna da nasu kason. In majinyaci ya ce yana shan zogale aka daka masa tsawa, gobe ba zai sake faɗa ba, zai ci gaba da sha a ɓoye, likita kuma ya riƙa ƙara ƙwaya ko rage ta a cikin duhu. Gara a tambaye shi da mutunci, a rubuta, a auna. Shi kuma mai ciwon, kwaɗon zogale da miyar shuwaka da kuɓewa da wake abinci ne nagari a gare shi, musamman in sun rage girman malmalar tuwo sun kori lemon kwalba. Ya ci su a matsayin abinci, ya riƙe ƙwayarsa, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, ya daina shiga gona ba takalmi. An tabbatar cewa wasu masu nau'i na biyu, in suka rage ƙiba sosai tun cutar ba ta tsufa ba, takan lafa har a dakatar da ƙwaya, amma likita ne ke dakatarwa bayan awo, kuma ana ci gaba da sa ido domin takan dawo.

Abin da nake fata ga Zamfara ya wuce a kori masu lasifika, don in an kore su daga tasha za su koma lungu. Nijeriya ta taɓa yin abin da ya dace: cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja ta karɓi wani haɗi na ciwon sikila daga hannun wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace ɗan'uwan madobiya, ta daidaita miƙdarinsa, ta gwada shi a kan majinyata, aka wallafa sakamakon a 2001, shi ne Niprisan. Yau muna da Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, muna da kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe, muna kuma da tsofaffin masu magani na gaskiya waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, ba sa shela, kuma suna ta ƙarewa da abin da suka sani a daidai lokacin da rashin tsaro ya hana shiga daji, masu gawayi da masu sassaƙa kuma suna cinye bishiyoyin da suka rage a kusa. A zaɓi tsiro ɗaya ko biyu, a fara tabbatar da cewa ba sa taɓa hanta da ƙoda, a shanya su a niƙa a auna da ma'auni guda, a sami majinyatan da suka yarda da bakinsu, kowa ya ci gaba da shan ƙwayarsa, a ƙara wa rabi garin a bar rabi, bayan wata uku a yi musu awon nan da ke nuna matsakaicin sukarin jini na tsawon wannan lokaci, sa'an nan a bayyana sakamakon da Hausa, ya yi daɗi ko bai yi ba. Gwamnatin jiha ce ya kamata ta ɗauki nauyin kuɗin, kuma tun kafin a fara a rubuta sunan mai maganin da kasonsa a cikin yarjejeniya a gaban shaidu, domin babu wanda zai fito da abin da ya gada in yana tsoron za a karɓe a bar shi hannu rabbana.